Soyayyen burodi: na zaƙi, na yaji, ko wanda babu ƙwai babu madara, wanne za ki yi?

Burodi ya kwana biyu ya fara tauri, yara sun ce ba sa ci, zubarwa kuma ba ta taso ba da tsadar nan da ake fama da ita. Abin da yawancinmu muka sani shi ne a tsoma shi a ruwan ƙwai a soya, wanda manyan gidajen abinci suke kira faransh tos su ɗora masa yankan ayaba biyu su caje ki kuɗi mai kauri. Toh amma hanyar yinsa ba ɗaya ba ce, akwai na zaƙi mai madara da kirfa, akwai na gishiri da attaruhu, akwai kuma wanda ko ƙwai ɗaya ba a fasawa, kuma kowanne yana da burodin da yake so da wutar da yake so. Ni dai abin da na gano shi ne ba sha'awarki ce kaɗai za ta zaɓa miki ba uwargida, burodin da ke hannunki shi ne mai magana ta farko, sai kuma wanda zai ci.

Bari mu fara da burodin tunda a nan ake yawan faɗuwa. Burodinmu na Najeriya, irin mai laushin nan da ake kira Agege da 'yan uwansa da ake sayarwa a bakin titi, cikinsa kamar auduga yake kuma da ma da sukarinsa a ciki, in sabo ne kika tsoma shi a ruwan ƙwai ko ƙirga biyar ba za ki gama ba ya sha ya narke, ki zo ɗagawa ya yage a hannunki, in ma ya samu ya kai kasko waje ya soyu ciki kuma caɓal. Irin wannan sai ya kwana ɗaya ko biyu, ko ki yanka shi tun da dare ki baje a faranti ki rufa da kyalle mai shara-shara ya sha iska, in kuma gaggawa kike yi ki ɗan gasa shi a busasshen kasko ba mai, minti ɗaya kowane gefe, ba wai ya yi ja ba, ruwan jikinsa kawai ake so ya ragu. Kuma ki yanka da kauri, kamar faɗin yatsu biyu, wajen santimita 2 zuwa 3. Shi ya sa burodin da ba a yanka ba ya fi mai yanka-yanka na leda daɗin wannan aiki, na ledan sirara ne, tsomawa ɗaya ki juya ki cire shi ne iyakarsa.

'Yan uwanmu na Nijar kuwa, Maraɗi da Damagaram da Yamai, har da na Kamaru da Chadi, su sun huta, dogon burodin nan na Faransa da suke saya da safe kafin washegari ya zama sanda, kuma wannan taurin shi ne abin nema, don fulawa ne da ruwa da gishiri da yis kawai, ba mai ba sukari, yana jure jiƙo sosai. Shi sai ki yanka shi a karkace ki bar shi cikin ruwan minti 3 zuwa 5 kowane gefe, in ya bushe ƙarau ma har minti 10 ba abin da zai yi. Mutanen Ghana masu burodin sukari da na bota, nasu ya fi kusa da namu, na shayin nan nasu da ba shi da zaƙi sosai shi ya fi dacewa da na gishiri. Ki riƙe wannan, don duk abin da zan faɗa a ƙasa a kansa yake tsaye: burodi mai laushi yana son ruwa mai kauri da tsomawa ta ɗan lokaci, mai tauri yana son ruwa tsararo da jiƙo mai tsawo. Wanda ya fara fumfuna kuma ba soyawa ake yi ba, kar ki ce za ki yanke gefen ki yi da sauran, zaren fumfunar yana shiga cikin burodi inda ido ba ya gani.

Na farko, na ƙwai da madara mai zaƙi, shi ne wanda duniya ta fi sani. Awon da ba ya ba da kunya shi ne ƙwai 1 da madara kwatan kofi, wato mililita 60, ga yanka 2 masu kauri. In madarar gari ce irin su Nido ki dama babban cokali ɗaya da ɗan ƙari a kwatan kofin ruwa, in ta gwangwani ce irin Peak ki surka ta da ruwa rabi da rabi, don ita an riga an rage mata ruwa, in kika zuba ta zalla tana saurin yin baƙi a kasko. Sukari ƙaramin cokali ɗaya ya isa, in burodin mai zaƙi ne ma ki bar shi, gishiri ɗan mitsitsi, kirfa, gyaɗar ƙamshi in kina so, da ɗigon fileba ta banila saboda ƙarni. Kirfar nan tana da wani hali, ba ta narkewa a ruwa sai ta taru a sama ta manne a yanka na farko sauran su tashi ba komai, toh ki fara cuɗa ta da sukarin da ƙwan kafin ki zuba madara, sai ta bazu.

Abin da ƙwai yake yi a nan shi ne ɗaurewa. Ƙwai zalla yana fara daskarewa tun wajen digiri 62 zuwa 70 a ma'aunin Salsiyas, amma in an surka shi da madara da sukari sai zafi ya kai wajen 80 kafin ya kama, shi ya sa wuta mai ƙarfi take cutar wannan kala, bayan ya ƙone tun kafin zafin ya isa tsakiya. Wuta matsakaiciya, minti 2 zuwa 3 kowane gefe, ki danna tsakiyar da yatsa ko bayan cokali, in ya dawo ya yi, in ruwa ya tsattsafo da saura. Ga masu ciki da ƙananan yara da tsofaffi kam kar ki bar tsakiyar da ɗanye-ɗanye don wai ya fi laushi, a bar shi ya nuna sosai. In kin ga yana fitowa da farin ƙwai a gefe-gefe kamar wainar ƙwai ta manne masa, ko dai ba ki kaɗa sosai ba ko ƙwan ya yi wa madarar yawa, wasu ma gwaiduwa kawai suke sawa, gwaiduwa 2 a madadin ƙwai 1, ya fi laushi kuma ƙarnin ya fi raguwa, sai dai fa asarar farin ƙwai sai in kina da abin yi da shi.

Mutanen Sifen suna da wata dabara da nake ganin ta fi dacewa da burodi mai tauri sosai, a nasu da suke yi lokacin azumin Kiristoci gab da Ista: suna tafasa madara da kirfa da ɓawon lemon tsami, su jiƙa burodin a madarar ita kaɗai har ya sha, sannan su tsoma shi a ƙwai daban su soya a mai, su barbaɗa sukari da kirfa. Kin ga ciki ya zama laushi zalla na madara, ƙwan kuma ya zama riga a waje. Da dogon burodin Nijar wannan ya fi kowanne, da namu mai laushi kuwa kar ma ki fara, zai watse tun a madarar.

Alfanun na zaƙi, yara suna sonsa, ƙamshinsa yana cika gida, kuma in baƙi ne yana da kyan gani a faranti da zuma ko yankan ayaba ko mangwaro. Aibinsa, zaƙi kan zaƙi ne, farin burodi ga sukari ga zuma ga shayi mai madara da sukari a gefe, kafin ƙarfe sha ɗaya yunwa ta dawo, kuma da ya huce sai ya saki ya zama lagwaɓ-lagwaɓ, ba abin sawa a kular makaranta ba ne gaskiya. Zumar ma a kula, ba a ba jaririn da bai shekara ɗaya ba.

Na biyu, na gishiri da yaji, wanda ni a wurina shi ya fi dacewa da bakinmu. Mu da muka tashi da burodi da ƙwai na mai shayi, albasa da attaruhu da magi, ai ba baƙon abu ba ne, bambancin kawai shi mai shayi yana soya ƙwan daban ya cusa a tsakiyar burodi ya danne a kasko, nan kuwa burodin ne yake shanye ƙwan, sai ƙwai 2 su ciyar da mutum biyu ko uku maimakon ɗaya. Mutanen Indiya sun daɗe suna yi, ana sayarwa a bakin titi a Mumbai da sauran garuruwa, suna sa albasa da koren barkono da ganyen koriyanda da kurkur. Turawan Ingila ma nasu na gida yawanci gishiri da masoro ne kawai ba sukari, su ci da tumatirin kwalba.

Awon nan ya bambanta da na sama, madara kaɗan ake so, babban cokali 1 ko 2 ga kowane ƙwai, ko ruwa ma ya yi, don ana so ruwan ya yi kauri ya riƙe kayan miyan. Kuma ga inda matsalar take: albasa da attaruhu ba sa shiga cikin burodi, a ƙasan kwano suke zama, ki tsoma ki ɗaga ki ga ba abin da ya biyo. Hanya biyu ce. Ko ki goga albasar a abin goga kuɓewa ki jajjaga attaruhun ya yi laushi liƙis yadda za su bi ruwan, ko kuma ki yanka ƙanana, bayan kin sa burodin a kasko ki ɗebo su da cokali ki shimfiɗa a samansa ki danna, in kin juya sai su soyu a jikinsa. Ta biyun ta fi daɗi don albasar tana ɗan yin ja tana ƙamshi, amma tana son ki rage wuta lokacin da gefen mai albasar yake ƙasa. Tumatir in za ki sa ki cire 'ya'yan da ruwan, in ba haka ba zai jiƙa miki komai. Magi ki murje shi a cikin cokalin ruwan ɗumi tukunna, ba abin da ya kai cin karo da dunƙulen magi a baki ɓata rai da sassafe. Lawashi, kori, tafarnuwa kaɗan, duk suna shiga.

Wannan kala yana yafe wa burodi mai laushi fiye da na zaƙi, saboda ruwan da kauri, ba ya ratsawa ya narkar da shi, kuma ko siririn yankan leda ya yi. Ɗan zaƙin da ke jikin burodinmu ma da yajin sai su tafi tare. Yana riƙe ciki, ƙwai ɗaya babba yana da furotin wajen giram 6, in kika haɗa da kifin gwangwani ko dambun nama a kai ko wake a gefe an gama magana, don sahur ma ya fi na zaƙi nesa ba kusa ba, sai dai ki rage gishiri da magi saboda ƙishirwa. Ko ya huce ana ci. Mai ciwon suga ma in dole sai an yi masa toh wannan ya fi, amma kar a yaudari kai, farin burodi farin burodi ne ko da yaji ko ba yaji, a nemi na alkama a rage yawa. Aibinsa ɗaya da na sani, ƙarnin ƙwai ya fi fitowa a nan tunda ba banila ba kirfa, 'yar citta ko tafarnuwa ko masoro suna kashe shi.

Yanzu sai wanda babu ƙwai babu madarar dabba. Na san wata za ta ce mu ina ruwanmu da wannan, ai na Turawa ne masu cewa ba sa cin duk abin da ya fito daga dabba, waɗanda ake kira 'yan began, da suka kafa ƙungiyarsu a Ingila tun 1944, ba nama ba ƙwai ba madara, har zuma ba sa sha. Haka ne, amma ki duba gidajenmu, akwai yaron da in ya ci ƙwai jikinsa ke yin ƙuraje da ƙaiƙayi, akwai babban da madara ke kumbura wa ciki ta sa shi zarya banɗaki, akwai kuma ranar da ƙwan ne kawai babu a gidan ko kuɗinsa ya fi ƙarfin aljihu. Kuma ba wani sabon salo ba ne yin sa ba ƙwai, a wani tsohon littafin girkin Rumawa da aka tattara wajen ƙarni na 4 zuwa na 5 akwai shi, a ɓare bayan farin burodi a jiƙa a madara a soya a mai a zuba zuma, ƙwai bai shiga ba. Abu ɗaya dai, in don rashin lafiya ne ko don baƙo mai wannan aƙida, ki duba burodin kansa, da yawa ana sa musu madara ko bota ko ƙwai tun a gidan burodi, dogon na Faransa shi ne wanda yawanci babu ko ɗaya.

Tambayar a nan ita ce me zai yi aikin ɗaurewar da ƙwai yake yi. Abubuwa huɗu ake amfani da su kuma wallahi ba ɗaya suke ba.

Ayaba ita ce wadda aka fi yayatawa a intanet, ki dame ayaba 1 nunanna da madarar waken suya rabin kofi ki tsoma. Daɗi kam akwai, ba sai kin sa sukari ba, amma ita ce mafi wahala a kasko, sukarin jikinta yana kamawa ya ƙone da wuri, tana manne wa kasko in ba mai santsin nan ba ne da abu ba ya kamawa, kuma ba ta ɗaurewa da gaske, ciki yana zama danƙo-danƙo ko kin daɗe a wuta. Sannan komai ɗanɗanon ayaba yake yi, wanda ba ya sonta ya tashi a banza. In ita kike so toh ki rage ta zuwa rabi, ki ƙara babban cokalin garin sitaci, ki yi da burodi mai tauri a wuta ƙasa-ƙasa, kuma kar ki taɓa shi sai ya saki kaskon da kansa.

Garin sitacin masara, wanda muke cewa kwanfulawa, shi ne nawa zaɓin. Babban cokali 2 a madarar waken suya kofi ɗaya, sukari, kirfa, banila, ɗan gishiri, zai yi miki yanka 5 ko 6. Sitacin yana kumbura ya yi kauri in ya ji zafi, sai ya riƙe cikin, a waje kuma ya ba da wani ɓawo siriri mai ƙaras-ƙaras wanda ko na ƙwai ba ya samu. In ba ki da shi ki ɗauko garin kastad, ai shi ma sitacin masara ne da kala da fileba, asalinsa ma wani Bature mai haɗa magunguna a Birmingham, Alfred Bird, ya ƙirƙiro shi a 1837 saboda matarsa ba ta iya cin ƙwai, kin ga aikin da aka yi shi dominsa kenan, ga shi zai ba ki ruwan ɗorawar nan da ido yake nema. Ki dai karanta jikin robar don wasu kamfanonin suna haɗa madara a ciki. Halin sitaci shi ne kwanciya a ƙasa, duk tsomawa sai kin sake juyawa, in kika manta yankan farko su fito salam na ƙarshe kuma su kwashe duka.

Awara kuma, ɗanya wadda ba a soya ba, in kika niƙa ta a bilenda da ɗan ruwa ko madarar waken suya har ta yi sumul, ita ta fi kusa da ƙwai wajen riƙe ciki don furotin ce ita ma. Matsalar, awararmu ta kasuwa an matse ta ta yi tauri, tana da ɗan tsamin ruwan da aka haɗa ta da shi, sau da yawa ma an riga an sa mata attaruhu da albasa, toh ga na zaƙi ba ta dace ba sai in ke kika yi abarki a gida kika ɗiba tun tana da laushi kafin matsa. Ga na gishiri kuwa ta yi daidai, ki ƙara mata cokalin sitaci don ita kaɗai ba ta manne wa burodi sosai.

Na huɗu 'ya'yan filas ne, wasu ƙananan 'ya'yan tsiro da Turawa ke kira flaxseed, da ake niƙawa, babban cokali 1 a ruwa cokali 3 a bari ya yi yauƙi, ana kiransa madadin ƙwai ɗaya. Yana aiki a kek, a nan kam ba wani abin a zo a gani, ga tsada ga wahalar samu, na ambata ne kawai don za ki ci karo da shi.

Madarar da za ki zuba ma da bambanci. Ta waken suya ta fi, tana da furotin kusan kamar ta shanu shi ya sa take yin ja mai kyau, in ta gida ce ki tabbata an tafasa ta sosai. Ta kwakwa mai kauri tana da mai, tana ba da laushi da ƙamshi, ita da kastad sun yi wa juna kyau ƙwarai. Kunun aya ma ana yi da shi kuma da daɗinsa, musamman mai dabino, amma da ma da zaƙinsa kar ki ƙara sukari, ki rage wuta, kuma sabo za ki yi da shi don kin san yadda yake saurin tsami da zafin nan namu.

Sai na gishiri wanda ba ƙwai, kuma abin mamaki shi ya fi duk na began ɗin tsayawa da ƙafarsa. Indiyawa suna yi da garin wani wake nasu mai suna cana, su dama da ruwa da albasa da barkono da kurkur su tsoma burodi su soya, kuma masu son ƙamshin ƙwai suna barbaɗa wani baƙin gishiri nasu mai warin farar wuta. Ana samun garin a manyan kantuna, amma mu da muke da garin wake na ƙosai da alala ba sai mun je nema ba. Rabin kofin garin wake, ruwa kamar rabin kofi da ɗan ƙari har ya yi kaurin da zai rufe bayan cokali, albasa, attaruhu, gishiri, kori, ki bar shi ya jiƙa minti 15 zuwa 20 kafin ki fara, wannan hutun kar ki tsallake shi in ba haka ba za ki ji gari-gari a baki. Shi ba ya shiga cikin burodi, a waje yake zama, don haka ko sabon burodi mai laushi ya yi, shi kaɗai ne ma a cikinsu duka da ba ruwansa da kwanan burodi. Amma yana son lokaci a wuta, minti 3 zuwa 4 kowane gefe da mai ɗan dama-dama, in kika yi gaggawa gafin ɗanyen wake zai fito kuma ciki zai gaya miki. Abin da zai fito kusan burodi da ƙosai ne a haɗe wuri ɗaya, wanda ya san daɗin wancan ba sai an yi masa dogon bayani ba, da kunu ko koko ya fi tafiya ba shayi ba.

Man suya a taƙaice. Bota ta fi ƙamshi amma tana ƙonewa da wuri saboda guntun madarar da ke cikinta, ki haɗa ta da ɗan man gyaɗa rabi da rabi, kuma ki goge kasko da tishu bayan kowane zubi don baƙin da ya rage shi ke ɓata na gaba. Soyayyen man shanu ya fi ta jure wuta sosai kuma ga na zaƙi da na yaji duk ya dace, in dai mutanen gidan suna son ƙamshinsa. Ga na began man gyaɗa ko na kwakwa, majarin irin ta roba ki duba jikinta don wasu da madara a ciki. A Hong Kong kuwa shafa tunkuzar gyaɗa mai laushi suke yi tsakanin yanka biyu su tsoma a ƙwai su jefa cikin mai tsundum su ɗora bota da ruwan zaƙi ko madara mai kauri, daɗi ba magana, amma wannan na ranar da aka yi albashi ne ba na kullum ba. Masu girki da gawayi ko risho, ki bari wutar ta kwanta tukunna, kasko mai kauri ya fi siriri don ba ya ƙona wuri ɗaya ya bar wuri ɗaya.

Toh a dunƙule ga yadda zan zaɓa. In burodin mai tauri ne sosai ko dogon na Faransa ne kuma akwai ƙwai da madara, na zaƙi, ko ma irin na Sifen. In mai laushi ne na jiya, ko siririn yanka, ko yara za su tafi da shi makaranta, ko maigida ne zai fita aiki ba zai ci komai ba sai azahar, na ƙwai da yaji. In yaro ba ya cin ƙwai kuma zaƙi yake so, kastad ko kwanfulawa da madarar waken suya, ayaba ki yanka masa a kai kawai maimakon ki dama ta a ciki. In madara ce kaɗai matsalar ba ƙwai ba, ba sai kin canza komai ba, ki sa ta waken suya ko ta kwakwa a wurinta. In kuma ƙarshen wata ne ba ƙwai ba madara, ko burodin sabo ne fil, garin wake. Ku ma gwauraye da 'yan makaranta da na san kuna karantawa kuna shiru, na yajin shi ne naku, kwano ɗaya kasko ɗaya minti goma.

In ya ragu, na ƙwai kar ya wuce awa 2 a waje, ki sa a firij ki ci kafin kwana 2 in wuta tana tsayawa, in ba ta tsayawa ki soya daidai cikinku kawai. Ɗumamawa a busasshen kasko za ki yi da 'yar wuta, na kwanfulawa da na garin wake suna dawowa da ƙaras ɗinsu, na ayaba kuwa a ci shi da zafinsa don ba ya ɗumamuwa.